Shin sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi a Bauchi da Gombe yana nuna inda jama'a suka karkata?

Ɗalibi daga Gadau:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga babu inda ya fi dacewa in kawo ta sai gaban waɗanda suka riga ni ganin jiya a siyasar wannan yanki namu.

A ranar 17 ga Agusta, 2024, aka gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Bauchi, kuma hukumar zaɓe ta jiha, wato BASIEC, ta bayyana cewa jam'iyyar PDP ce ta lashe kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 20 gaba ɗaya, tun daga Zaki da Gamawa a arewa har zuwa Bogoro da Tafawa Ɓalewa a kudu. Kafin wannan da 'yan watanni, a ranar 27 ga Afrilu, maƙwabtanmu na Gombe sun yi nasu, inda hukumar zaɓen jiharsu, GOSIEC, ta ce APC ce ta kwashe kujerun ciyamomi 11 da na kansiloli 114, ba ta rage wa kowa ko guda ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a babban zaɓen 2023, wanda tazararsa da waɗannan ba ta kai shekara biyu ba, ba haka alƙaluma suka nuna ba. A Gombe, Atiku Abubakar na PDP ya samu fiye da ninki biyu na ƙuri'un Bola Tinubu, PDP ta ci kujeru biyu daga cikin uku na sanata, ɗan takararta na gwamna kuma, Jibrin Barde, ya tashi da ƙuri'a sama da dubu 230 duk da bai yi nasara ba. A Bauchi kuwa, Sadique Abubakar na APC ya samu sama da ƙuri'a dubu 430 a zaɓen gwamna, kuma APC ta ci kujerar sanatan Bauchi ta Kudu, shiyyar da shi kansa Gwamna Bala Mohammed ya fito. To, ina waɗannan ɗaruruwan dubban mutane suka shiga, har ya zama jam'iyyarsu ta kasa cin ƙaramar hukuma ko guda ɗaya?

Na tambayi kawuna, wanda ya daɗe yana tare da jam'iyya mai mulki, ya ce mini jama'a ne suka ga aiki suka dawo hanya. Na tambayi wani abokina, ya ce in daina ɓata lokacina domin babu wani zaɓe da aka yi. Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya daga cikin amsoshin nan ba, domin kowannensu da ɓangaren da yake karewa. A 2023 na fara jefa ƙuri'a, kuma ina son in fahimci abin da nake shiga. Shin za a iya duba irin wannan sakamako a ce farin jinin wata jam'iyya ya ƙaru ko ya ragu? Idan kuma ba za a iya ba, da me ake gane cewa jama'a sun juya wa jam'iyya baya?

Tsohon malamin makaranta, Azare:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya yi maka albarka da wannan tambaya, domin irin ta ce muke son mu riƙa ji daga bakin matasa. Amsata a taƙaice ita ce, sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi, yadda ake yin sa a yau, yana gaya maka jam'iyyar da ke zaune a gidan gwamnati ne, ba ya gaya maka abin da ke cikin zuciyar masu zaɓe. Amma ba na so ka karɓi maganata don kawai na girme ka, saboda haka bari in kawo maka dalilaina.

Da farko ka san halin mutanen Bauchi a wajen zaɓe. A 2007, lokacin da PDP ke riƙe da jihar da kuma gwamnatin tarayya, jama'a suka tashi tsaye suka zaɓi Malam Isa Yuguda gwamna a ƙarƙashin ANPP, kuma a wannan zaɓen ne gwamna mai barin gado, Ahmadu Adamu Mu'azu, ya nemi kujerar sanata ya sha kaye a hannun Bala Mohammed, wanda shi ma a lokacin ɗan ANPP ne. Ina nan a rumfarmu a ranar, a harabar wata makarantar firamare. Kalmar da ke bakin kowa ita ce a kasa, a tsare, a raka. Muka zauna a ƙasa har bayan sallar isha'i, wani ya kawo fitilar ƙwai, wani ya haska tocila, ana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya jama'a suna ƙirgawa da baki tare da malamin zaɓe. Da aka gama, samari suka hau babura suka bi motar da ta ɗauki akwatin har wurin tattara sakamako. Babu wanda ya ba su ko kwabo. Wannan shi ne abin da nake kira juyawar jama'a, kuma wanda ya taɓa ganin ta ba ya bukatar a yi masa bayani.

A 2015 guguwar Buhari ta kawo Mohammed Abdullahi Abubakar na APC kujerar gwamna. Bayan shekara huɗu kuma aka ga abin da ya fi wannan ban mamaki. A watan Fabrairun 2019 mutanen Bauchi suka ba Buhari kusan ƙuri'a dubu 800, Atiku kuwa dubu 200 da 'yan kai. Makonni kaɗan bayan haka, waɗannan mutanen dai suka kayar da gwamnan APC mai ci, bayan an je zagaye na biyu a wasu rumfuna, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu 15 ba, sannan kuma suka bar wa APC rinjaye a majalisar dokokin jiha. An ce musu sak, suka ce wake da shinkafa za su yi. Mutanen da suka iya rarrabe ƙuri'a haka, su ba wannan a sama su hana shi a ƙasa, su ne aka ce mana a watan Oktoban 2020 sun haɗa baki sun ba PDP ƙananan hukumomi 20 cif. A watan Disambar shekarar kuma Gombe ta ba APC 11 cif. Kai da kanka ka auna ka gani.

Halin Gombe ma bai bambanta ba. Danjuma Goje ya kayar da gwamna mai ci, Abubakar Habu Hashidu, a 2003. Ibrahim Hassan Dankwambo yana kan kujerar gwamna ya nemi sanatan Gombe ta Arewa a 2019 bai samu ba, ya sake nema a 2023 ba ya kan mulki ya samu. Jama'ar da ke hukunta shugaba haka ba su zama masu ra'ayi ɗaya a mazaɓa 114 a rana guda.

Kada kuma ka ɗauka wata jam'iyya ɗaya ce ke da wannan hali. A 2024 NNPP ta kwashe ƙananan hukumomi 44 na Kano, APC ta kwashe 27 na Jigawa da 17 na Yobe, PDP ta kwashe 21 na Adamawa. Kowace jam'iyya tana kukan an zalunce ta a jihar da take adawa, sannan ta yi irin abin da take kuka da shi a jihar da take mulki. Ni wannan ne ya fi ci mini rai, domin yana nuna cewa duk sun san abin ba daidai ba ne.

Tushen matsalar yana cikin doka. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 197, ya tanadi hukumar zaɓe mai zaman kanta a kowace jiha, amma gwamna ne ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar jiha ta amince, kuma daga baitulmalin jiha ake ba ta kuɗin aiki. Majalisar jiha ce ke yin dokar da ta ƙayyade wa'adin ciyaman da kansila. Ko da mutanen kirki ne aka naɗa, kuma na san akwai su, an ɗora su a kan wani tsari da ba ya ba su damar saɓa wa wanda ya naɗa su. Don ka ga bambanci, a ranar 5 ga Disamba, 1998, hukumar INEC ce ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a faɗin ƙasa a zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, lokacin babu zaɓaɓɓen gwamna ko ɗaya, kuma PDP da APP da AD duk suka samu rabonsu, har ma da wannan sakamako aka yi amfani wajen tantance jam'iyyun da za su tsaya. A Abuja kuma, inda har yanzu INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, a watan Fabrairun 2022 an raba ne uku da uku tsakanin APC da PDP, a gaban idon gwamnatin tarayya ta APC.

'Yar kasuwa daga Kumo:

Assalamu alaikum. Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, babu abin da zan musanta a cikin bayaninka. Sai dai ina neman izini in ƙara wani ɓangare, domin na shafe shekaru ina shiga gida-gida ina tara mata a lokacin kamfe, kuma abin da idona ya gani ya nuna mini cewa tun kafin ranar zaɓe ake gama cin zaɓen ƙaramar hukuma. Idan muka ɗora dukkan laifin a kan masu ƙirga ƙuri'a, za mu bar 'yan adawa su tafi da nasu laifin ba a taɓa su ba.

Ƙanena, ka tambayi inda dubban mutanen nan suka shiga. Masu zaɓen suna nan a gidajensu da ra'ayinsu, waɗanda suka tafi su ne jagororinsu. Da zarar an rantsar da gwamna, kotu kuma ta gama shari'a, sai ka ga shugaban jam'iyya na mazaɓa da sakatarensa da shugabar mata sun fara lissafi. Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce, taki ta hannun masu mulki yake fitowa, haka tallafin abinci, haka sunan yaro a ɗaukar aiki. Ɗan takarar gwamnan da suka yi wa wahala ya koma Abuja ko Kaduna, wayarsa ba ta shiga. Sai a shirya taro a kafa rumfa a ce mutum dubu kaza sun sauya sheƙa. Wannan sauyi na gaske ne, amma na 'yan siyasa ne, kuma babu tabbacin cewa matar da ke cikin gida ta bi su.

Idan zaɓen ƙaramar hukuma ya matso, wane ne zai sayar da gonarsa ko shanunsa ya sayi fom ya buga fosta, alhali ya riga ya yanke ƙauna? Mutanen da za su iya cin zaɓe da farin jininsu sukan janye, a bar wanda ba shi da abin asara. Akwai wani ɗan'uwana da ya taɓa yin ejan na wata jam'iyyar adawa a irin wannan zaɓe. Ya fita tun da sassafe da katinsa a wuya, an yi masa alkawarin kuɗin abinci da na kati. Har aka yi azahar babu wanda ya leƙo shi, ya kira wanda ya tura shi ya ji waya a kashe, ga shi ya bar shagonsa a rufe. Da la'asar ta gabato ya cire katin ya sa a aljihu ya tafi. Duk abin da aka rubuta a takardar sakamako bayan tafiyarsa, ba shi da bakin cewa komai, jam'iyyarsa kuma ba ta da kwafin da za ta kai kotu. Washegari sai ga shugabanninta a rediyo suna cewa an yi musu fashi. Mai yiwuwa an yi, amma su ma ba su tsare gidansu ba.

Sannan ga ƙarancin fitowar jama'a. Ranar zaɓen shugaban ƙasa mata sukan ɗora tukunya tun asuba don su samu layi da wuri, da goyo a baya da kujera 'yar tsugunno a hannu. Ranar zaɓen kansila kuwa da yawa ba su ma san ana yi ba, sai dai su ga an hana zirga-zirga. Waɗanda ke fitowa su ne dangin ɗan takara da waɗanda aka aika wa mota, kuma jam'iyya mai mulki ce ke da motar. Saboda haka a rumfuna da yawa, ko an ƙirga tsakani da Allah, ita za ta ci. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce haka ta faru a kowace mazaɓa ba tare da togiya ba, domin na san garuruwan da ko me za a yi ba sa bin gwamnati.

Gasar gaskiya tana faruwa ne a cikin gidan jam'iyya mai mulki, wajen abin da ake kira maslaha. A nan ake kai ruwa rana, a nan ake ɓata da juna, kuma wanda aka danne a maslaha yakan yi shiru ya jira babban zaɓe ya rama. Idan kana son ka san inda iska za ta kaɗa, ka lura da waɗanda aka hana takara suka daina zuwa taro, ka kuma saurari hirar mata a gidan biki da wajen markaɗe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hirar ba ta wuce farashin masara da kuɗin mota. A farkon Agustan 2024 matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a garuruwan Arewa, har da namu, kuma kimanin mako biyu da farawarta aka yi zaɓen Bauchi. Wanda ya karanta sakamakon ƙananan hukumomi na jihohinmu a wannan shekara kaɗai ba zai taɓa sanin cewa akwai mai fushi a ƙasar ba.

Ma'aikacin ƙaramar hukuma mai ritaya, Misau:

Ina yi wa kowa sallama. Malam da Hajiya sun yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan taɓo dalilin da ya sa gwamnoni ba sa iya haƙura da ko kujera ɗaya, domin na yi aiki a sakatariya fiye da shekara 30, na ga zaɓaɓɓu na ga kantomomi.

Dalili na farko kuɗi ne. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, inda kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya yake fara sauka. Daga nan ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya a matakin farko da kason masarautu da fansho da ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya rage shi ke isa hannun ciyaman. Ciyaman ɗan adawa zai iya tsayawa ya ce a nuna masa lissafi, kuma ba kowace gwamnati ke son wannan tambaya ba. Dalili na biyu shi ne, ciyamomi da kansiloli su ne ƙafafun jam'iyya a babban zaɓe, su suka san kowane mai unguwa da kowace rumfa. Shi ya sa jihohi da yawa suka fi son kantomomin riƙo, kuma mu a Bauchi mun shafe kimanin shekara 12 ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba kafin na 2020, duk da cewa sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su. Gwamnatoci na jam'iyyu daban-daban ne suka wuce a wannan tsakanin.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi ba. Jihohi suka shiga rige-rigen shirya zaɓe don kada a riƙe kuɗin. Hukuncin ya tilasta a yi zaɓe, amma bai taɓa batun wanda ke gudanar da shi ba, saboda haka a ganina ya ƙara wa kujerar ciyaman daraja a idon gwamna, ya kuma ƙara masa dalilin tabbatar da cewa nasa ne ya hau.

Mutane da yawa suna cewa a miƙa wa INEC wannan aiki, kuma misalin Abuja da Malam ya kawo hujja ce mai ƙarfi. Ina goyon bayan haka, amma da sharaɗi. Sai an gyara kundin tsarin mulki, wanda ke bukatar kashi biyu bisa uku na majalisun tarayya da kuma amincewar majalisun jihohi 24, kuma mun san wanda majalisun jihohi ke saurara. Ban da haka, shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabannin INEC, don haka idan ba a yi hattara ba za a ɗauke matsalar daga gidan gwamnatin jiha a kai ta Abuja. Akwai kuma darasi a Kaduna, wadda ta fara amfani da na'urar jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi a 2018. 'Yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi, a 2021 ma har APC ta faɗi a rumfar gwamnan lokacin, Nasir El-Rufai, kansa. Amma a 2024 jam'iyya mai mulki ta kwashe duka 23. Gyaran da ya dogara da ra'ayin mutum ɗaya yakan tafi tare da shi, sai an ɗaure shi da doka: a fitar da naɗin mambobin hukumar daga hannun gwamna shi kaɗai, a ba ta kuɗinta kai tsaye, a wajabta tantance mai zaɓe da na'ura irin BVAS, a kuma wajabta liƙa sakamako a kowace rumfa da buga alƙaluman kowace mazaɓa.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga tambayarka, ɗana. Sau da yawa abin da ke isa kunnen jama'a shi ne jam'iyya kaza ta lashe duka, ba tare da an ji adadin waɗanda suka fito da tazarar da ke tsakani ba. Ba a auna sauyin ra'ayi da sunan wanda ya ci, da tazara ake aunawa. Idan jam'iyya ta ci mazaɓa da tazarar ƙuri'a 3,000 a bara, bana ta ci da 300, ta ci dai, amma ƙasa na zaizayewa a ƙarƙashinta. Inda za ka samu irin wannan lissafi shi ne sakamakon babban zaɓe. Ka ɗauki ƙaramar hukumarku, ka jera sakamakon shugaban ƙasa da na sanata da na ɗan majalisar wakilai na watan Fabrairun 2023, ka gwada da na gwamna da ɗan majalisar jiha na watan Maris, sannan ka gwada duka da na 2019. Takardun sakamakon rumfuna da yawa an ɗora su a shafin INEC na intanet. A nan za ka ga unguwar da ta juya da wadda ta tsaya.

Ɗalibi daga Gadau:

Na gode ƙwarai, Baba Malam da Hajiya da Baba na Misau, Allah Ya saka da alheri. Yanzu na gane cewa kawuna da abokina kowanne ya riƙe wani yanki ne na gaskiya. Zan nemi alƙaluman Itas/Gadau na 2019 da 2023 in jera su kamar yadda aka ba ni shawara. Amma akwai abin da ya rage mini, kuma ina jin ba ni kaɗai ba ne a cikin sa'o'ina. Idan haka lamarin yake, akwai amfanin in fita ranar zaɓen ƙaramar hukuma kuwa, ko in adana ƙarfina sai babban zaɓe?

Tsohon malamin makaranta, Azare:

Ka fita, ɗana, kuma kada ka tsaya a jefa ƙuri'a kawai. Rumfar da babu kowa ita ce mafi sauƙin rubuta mata abin da aka ga dama, kuma maganar Hajiya a kan ejan da ya tafi gida ta isa hujja. Ku haɗu ku goma ko ashirin daga unguwarku, ko da ba jam'iyyarku ɗaya ba, ku tsaya cikin natsuwa har a ƙirga, ku ɗauki hoton takardar sakamako da waya, ku ajiye. Ba na yi maka alkawarin cewa hakan zai sauya wanda za a bayyana a karon farko, amma zai sa ku mallaki lissafin rumfarku da kanku, kuma da irin wannan lissafi ake zuwa kotun zaɓe.

Ka kuma tuna cewa kansila shi ne zaɓaɓɓen da ya fi kusa da kai, kuna haɗuwa a masallaci da wajen jana'iza. Ko ta wace hanya ya hau, yanzu kujerar jama'a yake kai. Rijiyar burtsatsen da ta lalace, da rufin ajin da iska ta yaye, da asibitin sha-ka-tafi da babu magani, da magudanar ruwan kasuwa, duk aikin ƙaramar hukuma ne. A duk wata ana buga abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya. Ku nemi na taku, ku rubuta takarda da sunan ƙungiyar matasan unguwa, ku kai wa kansila cikin ladabi ku tambaye shi abin da aka ware wa mazaɓarku a kasafin bana. Mu a unguwarmu mun yi haka a kan wata rijiya da ta shekara biyu ba ta aiki. Sai da muka koma sau huɗu, a na biyar aka turo mai gyara da sabon famfo.